Dutsen takarda ko na yumɓu: wanne zai jure zufar Damagaram?

Wata ƙanwarmu da ta shigo ƙungiya bayan sallar layya ta ce ta gaji da jiran ɗan saƙo daga Kano kafin ta haɗa sarƙa ɗaya, tana so ta fara yin duwatsun sarƙarta da hannunta. An ce mata ana yi da takarda, an kuma ce ana yi da yumɓu. Tambayarta ita ce wanne ya fi, kuma wanne za ta sayar ba a dawo mata da shi ba. Ƙanwata, na yi duka biyun, na kuma yi asara a duka biyun, bari in jera miki su ki gani.

Tun kafin ki ɗauki almakashi ko ki jiƙa ƙasa, ki san inda dutsen zai zauna a jikin mai shi. Matar garin nan kullum hannunta cikin ruwa yake, ga alwala har gwiwar hannu, ga wanke-wanke. A Afrilu da Mayu zafi yana haura digiri 40, abin wuya kuwa yana can ƙarƙashin hijabi yana shan zufa da turare. Ɗan kunne ne kaɗai ke lilo a iska, shi ma ana shafar kunne wajen alwala, amma dai laima ce ba wanka ba. Duk abin da zan faɗa a ƙasa daga nan ya taso.

Takarda ita ce mai sauƙin farawa, babu musu. Almakashi, abin ja layi, farin gam irin na masu aikin katako, tsinken sakace ko tsinken tsintsiya mai santsi, sai man ƙyalli da masu kanti ke kira berni. Ki yanka takardar siririya mai tsini, gindinta santimita 2, tana tafiya tana tsukewa har ta ƙare kamar bakin mashi. Takarda mai girman A4 tsawonta ya kusa santimita 30, faɗinta 21, idan kina yanka ɗaya kai sama ɗaya kai ƙasa za ki fitar da wajen tsiri 20, wato dutse 20 daga falle ɗaya. Ki fara naɗi a jikin tsinken daga gindin, kada ki sa gam a zagaye biyun farko, in ba haka ba dutsen ya manne wa tsinken sai dai ki karya. Daga nan ki riƙa ja kina matsawa da babban yatsa, tsinin ya tsaya a tsakiya daidai, ki ɗiga gam a ƙarshe. Mai sassaucin naɗi dutsenta kamar tabarmar da yaro ya naɗe yake fitowa, ana matsa shi ya lotsa.

Tsohuwar kalanda mai sheƙi ta fi kowace takarda ba da launi, takardar buhun siminti kuma tana ba da ruwan ƙasa mai kama da itace. Amma ki duba kalandar da kyau. Da yawa daga cikin waɗanda ake rabawa a nan suna ɗauke da ayoyi ko sunan Allah, waɗannan ba na almakashi ba ne. Ni ko hoton masallaci na gani a jiki sai in ajiye ta gefe.

Wahalar takarda ba a naɗi take ba, a shafe take. Sai kin tsoma dutsen a gam da aka sirka da ruwa, ya bushe, ki sake, sannan berni shafi biyu ko uku, kowanne sai na baya ya bushe sarai. A hunturu busawa ba ta da wuya, ƙura ce abokiyar gaba: ki shanya a tsakar gida ki dawo ki tarar da duwatsunki sun yi furfura, kuma ƙurar da ta kama ɗanyen berni ta zauna ke nan. Ni cikin kwali nake shanya su, na soke tsinkayen a tsohon soso, na rufe. A watan Agusta kuma laima ke ja miki rai, abin kwana ɗaya ya zama na uku.

Yumɓu fa? Shi kayan aikinsa kusan kyauta ne, ilminsa ne mai tsada. Kada ki ɗebo ƙasar bakin tafki ki ce kin samu. Mirya ba ta kai kilomita 20 daga nan ba, kuma kowa ya san ta da ginin tukwane. Ki je wurin iyayenmu masu ginin, ki gaishe su yadda ya kamata, ki sayi curi ɗaya na wanda suka riga suka kwaɓa. Sai dai na tukunya yana da tsakuwa-tsakuwa, saboda ana haɗa shi da dakakken tsingaro ko wani abin da zai hana shi tsagewa a wuta. Dutsen wuya ba ya son wannan kaushin. Ki jiƙa shi ya zama kamar kunu, ki tace da rariya mai laushi, ki bar shi ya kwanta, ki tsiyaye ruwan, ki shanya a kan tsumma har ya kai taurin tuwon da ya kwana.

Ki mulmula a tafin hannu, ki ajiye ya ɗan sha iska. Huda ita ce wurin da sababbin hannu ke faɗuwa. In kin huda yana da laushi sosai, dutsen ya baje ya zama kamar ƙosai, in kin bari ya bushe kuma ya dare biyu. Ki jira ya kai inda yatsa ba ya barin shaida a jikinsa amma yana da sanyi in kin taɓa shi a kumatu. Ki soka wayar ƙafar keke kina murzawa har rabi, ki juya ki soko ta ɗaya gefen su haɗu a tsakiya. Ki buɗa ramin ya fi yadda kike so, domin yumɓu yana tsukewa wajen kashi ɗaya cikin goma tsakanin bushewa da gashi, ramin ma tare da shi yake tsukewa. Sannan ki shafe bakin ramin da jiƙaƙƙen yatsa. Bakin da aka bari da kaifi shi ne ke cin zare a hankali har wata rana sarƙa ta watse a tsakiyar taron biki. A nan takarda ta fi: raminta santsi ne tun daga tsinke, ba ya cin zare ko na roba ne.

Sheƙin yumɓu ba daga kanti yake zuwa ba. Kafin ya gama bushewa ki goge shi da bayan cokali ko ƴar tsakuwa mai santsi, za ki ga ya fara ƙyalli da kansa. Idan kina son ja, ki shafa ruwan jar ƙasa kafin gugar. Sai shanya a inuwa, ba a rana ba, mako guda cur ko fiye in manya ne.

Gashi shi ne duk maganar. Yumɓun da bai ga wuta sosai ba ƙasa ce kawai mai siffar dutse, ranar da ruwa ya taɓa shi ya koma laka. Sai ya haura digiri 600 yake canzawa har abada, alamar da ido ke gani kuwa ita ce ya yi ja kamar garwashi. Karona na farko na zuba duwatsu kusan hamsin a gwangwanin madara, kwana uku kacal da mulmulawa, na binne a gawayi na hau fifita da ƙarfi saboda ɗoki. Ban kai ga zama ba na fara jin tas, tas, kamar ana soya gurguru. Da na buɗe, guda bakwai na tsinta da rai. Ruwan da ya rage a cikinsu ne ya tafasa ya fasa su. Yanzu nakan ajiye gwangwanin a gefen murhu ya yi awa guda yana ɗumi, murfinsa da ƴan huji, sannan in matsar da shi cikin wuta kaɗan-kaɗan, in rufe da gawayi, in ya yi ja in bar shi haka, kuma ba na buɗewa sai gari ya waye toka ta huce. Idan kika cika gwangwanin da ƙaiƙayi ko garin katako kika rufe, hayaƙin zai shiga jikinsu su fito baƙi wuluk, kuma baƙin ba ya wankuwa. Hanyar da ta fi wannan sauƙi ita ce ki zuba su a ƴar tukunya ki roƙi masu ginin su sa miki cikin gashinsu. Wutarsu ta fi taki daɗewa, hannunsu kuma ya san ta.

To, ga su nan gefe da gefe. Wajen ruwa da zufa, yumɓun da ya gasu ya yi wa takarda fintinkau. Komai yawan bernin da kika shafa, cikin ramin dutsen takarda ba ya rufuwa duka, ta nan ruwa ke shiga, ya kumbura daga ciki, bakinsa ya fara buɗewa kamar albasa. Turaren feshi ma yana dusashe ƙyallinsa, wani lokaci har ya yi danƙo, ke kuwa kin san matan Damagaram da turare. Yumɓu shi shan turaren yake yi ya riƙe. Akwai wadda ke sayen baƙaƙen duwatsuna don wannan kaɗai, ta ɗiga humra a kai, ƙamshin ya kwana biyu a wuyanta. Illarsa ita ce mai yana sa masa tabo, jar ƙasar da ba ta gogu ba kuma tana iya shafar farin mayafi. Ɗan kakin zuma da tsumma yana maganin wannan.

Wajen faɗuwa kuwa labari ya juya. Dutsen takarda ya faɗo daga kan gado ya yi tsalle ya mirgina, na yumɓu ya faɗi a siminti ya rabu biyu. Haka nauyi: manyan ƴan kunne na takarda mace ta yini da su ba ta san suna nan ba, na yumɓu masu wannan girman kafin la'asar sun ja mata kunne. Launi ma takarda ce ke da shi, kowace atamfa za ki samo mata abokin tafiya, yumɓu kuwa ja ne da baƙi da ruwan ƙasa, sai in za ki yi masa fenti, ni kuma a ganina fenti yana kashe masa kwarjini, ya koma kamar na roba.

Shawarata ke nan a fili. Ƴan kunne, da doguwar sarƙa da ake sawa a kan riga, da adon jaka ko na labule, ki yi da takarda. Abin wuya mai taɓa fata, ki yi da yumɓu. Abin hannu da jigida kuwa kada ki yi su da takarda ko an biya ki kafin aiki, yumɓun ma sai ƙanana masu santsi, gara ki bar wa na saye wannan fagen.

Wannan ya kawo ni kan ɗan saƙon Kano da kike son rabuwa da shi. Ba za ki rabu da shi duka ba. Ƙananan duwatsun roba da na gilashi da ke shigowa da buhu, ranar Alhamis ki zaga Kasuwar Dole ki ga yadda ake auna su, babu hannun da zai yi gasar farashi da injin da ya yi su. Ki yi manya biyar ko bakwai na tsakiya, waɗanda ido ke fara sauka a kansu, ki sayi ƙananan ki raba tsakani da su. Mai saye za ta taya miki dala ɗari ta ce ai takarda ce. Kada ki ɓoye mata cewa takarda ce, kada kuma ki karya kuɗin, araha ba ta ado. Gilashi kuwa ki cire shi a rai tukuna. Masagan Bida da mutanen Krobo na Gana da ke narka kwalabe suna yin duwatsu, tanda gare su ta musamman da gadon sana'a, ba aikin murhun tsakar gida ba ne.

Na san wata za ta ce ban ambaci ƙullin sitaci ba, wanda ake dafa kofi ɗaya na Maïzena, wato garin sitacin masara, da kofi ɗaya na farin gam da cokalin mai da na lemun tsami. Yana da daɗin aiki, fari tas, yana karɓar kowane launi, ba ya buƙatar gashi. Na taɓa yi wa ƙawayen wata amarya abin hannu goma sha biyu da shi a tsakiyar damina. Kwana huɗu bayan biki aka aiko mini da uku a ƙulle cikin leda, sun yi laushi kamar alewar da ta kwana a aljihun yaro. Ragowar da na ajiye a kwano kuma kyankyasai suka ɗanɗana. Ya yi kyau a furen ado da za a kafa a bango, iyakarsa ke nan a wurina.

Idan hannunki ya saba, akwai ƴaƴan itatuwa: ƙwallon magarya, na aduwa, na dabino, da kanumfari da ake jiƙawa ya yi laushi a zura da allura. Guda ɗaya ce nake roƙonki ki nisanta, idon zakara, ƴar jar ƙwayar nan mai ɗigon baƙi. Ta fi kowacce kyau, amma gubar da ke cikinta tana kisa, kuma huda ta ne ke buɗe wa gubar hanya, ko allurar ta soki yatsanki, ko jaririn da ke goye ya kai sarƙar baki. Ƙwayar zurma ma haka take.

Kafin ki kai ko ɗaya kasuwa, ki ɗauki dutse guda daga kowane gashi ki jefa a kofin ruwa ya kwana. In da safe ruwan ya yi jirwaye ko farce ya karce dutsen, ki mayar da sauran wuta. Na takarda kuma ki rataya wa kanki ki yi mako guda da shi, har da ranar wanki, ki kawo mana shi taron ƙungiya mai zuwa mu duba bakin ramin tare.