Kayan Hawa Dandamali Na Yara: Ɗinki, Na Kanti Ko Haya?

Kafin ku fitar da kuɗi kan kayan da yaronku zai sa a gasar da ake yi a kan dandamali, ku karanta dokokin gasar. Wasu masu shiryawa suna ƙayyade tsawon riga, wasu suna hana ado mai yawa ga ƙananan yara, kuma kayan da suka saɓa doka suna iya jawo rage maki komai tsadarsu. Sai ku duba abin da yaron zai yi. Mai tafiya ya juya gaban alƙalai, da mai waƙa, da mai rawa da tsalle, kowanne da irin kayansa.

Ɗinkin tela ya fi zama a jiki, amma yana son lokaci. Ku ba da shi kamar mako 6 kafin ranar, a yi gwaji na ƙarshe saura mako 2. Yaran firamare suna ƙara tsawo kusan santimita 5 zuwa 6 a shekara, don haka awon bara ba ya aiki. A auna ƙirji, ƙugu, hannu da tsawo, yaron yana sanye da takalmin da zai hau da shi. Ku ce wa tela ya bar rarar yadi santimita 2 zuwa 3 a ɗinkin gefe da kalmasa, don a samu abin buɗewa. Doguwar riga kuma bakinta ya tashi daga ƙasa kamar santimita 2, in ba haka ba yarinya za ta taka shi wajen hawa matakala.

Kayan kanti sun fi sauri, sai dai lambar shekaru da ke wuyan riga ba abin dogaro ba ce, kowane kamfani da nasa awon. Ku juya rigar ku duba cikinta. Idan duwatsun adon rigar da gam aka manna su, za su fara zuba tun a wajen gwaji. Waɗanda aka ɗinke da zare su ne masu ƙarko. Idan babu shafi mai laushi a ciki, yadin raga da ƙyalƙyali suna kartar hammata da wuya, kuma yaron da jikinsa ke ƙaiƙayi ba ya iya murmushi, balle ya tuna takunsa.

Haya ta dace da kayan da sau ɗaya za a sa. Matsalarta ba a yarda a rage ko a buɗe, kuma duk tabo ku za ku biya. Ku ɗauki hoton kayan ranar karɓa.

Zancen yadi shi ne inda iyaye suka fi yin asara. Satin yana da kyau a hannu, amma yana tona gumi da yamutsewa ƙarƙashin fitila. Karan-miski yana ɗaukar haske da kyau, sai zafi. Mai rawa yadi mai miƙewa yake so, wanda zai ja ta tsawo da faɗi. Fitilun dandamali suna koɗar da launi mai haske, shi ya sa ja, kore mai duhu da shuɗi sosai suka fi fitowa daga nesa. In an san launin labulen baya, kada a zaɓi irinsa.

Duk kayan da kuka ɗauka, a gwada su da motsi: yaron ya ɗaga hannu sama, ya tsuguna, ya juya, ya yi wasansa daga farko zuwa ƙarshe. Hannun riga da ya zame a ɗaki zai zame a gaban jama'a. Idan akwai canjin kaya tsakanin zagaye, zif ya fi jerin maɓallai. Mai waƙa da za a maƙala masa na'urar makirufo a baya yana buƙatar kaya masu ƙarfi a ƙugu ko bel. Yaro ɗan ƙasa da shekara 3 kuwa a raba shi da ƙananan duwatsu, baki yake kai su.

Sabon takalmi yana santsi kuma yana cizo. A goge ƙasansa da samfefa, yaron ya riƙa sa shi a gida rabin awa kullum har mako guda. Ranar gasa a riƙe allura, zare mai launin rigar, da fil guda 10 a jaka.