Mai jiki a wuraren wasan birnin Orlando na Amurka: Disney ko Universal?

A Walt Disney World yawancin kujerun abubuwan hawa na wasa benci ne mai faɗi, irin na kwale-kwalen wasan Pirates of the Caribbean, ko sanda ɗaya da ke sauka kan cinya, shi ya sa mai ƙiba bai cika shan wahala ba. Inda ake jin matsi shi ne jirgin ƙasan wasa na Seven Dwarfs Mine Train, gwiwa ba ta samun wuri, sai TRON, mai kujera irin ta babur, da ke kama sha-raɓa.

Universal kuwa ta fi tsauri. Maɗaurin kujerar abin hawan Forbidden Journey ta kafaɗa yake saukowa, in ƙirji ko tumbi ya hana shi kullewa, dole a sauke mutum. Akwai kujerar gwaji a bakin shiga, ka gwada tun kafin ka bi layi. Kwashe kayan aljihu, ka tura ƙugu can baya, ka zauna a miƙe.