Iyakar maki ko ladan hutu: wanne ya fi adalci a wasan intanet?

A wasannin intanet da ake rainon jarumi, makin gogewa ne ke ɗaga shi mataki bayan mataki. Ɗalibin Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke hutu zai kwana yana bugawa, shi kuwa mai shago a Babbar Kasuwar Sakkwato sai bayan isha'i yake samun awa guda, in akwai wuta da data.

Hanya ɗaya ta rage tazarar maki tsakaninsu ita ce a sa iyaka. A 2007 ƙasar Sin ta ɗora wa 'yan ƙasa da shekara 18 tsari: bayan awa 3 maki ya ragu rabi, bayan awa 5 ba komai. Wasan Final Fantasy XIV ya gwada rage maki a 2010, 'yan wasa suka yi masa ca. Wanda ya biya kuɗinsa ba ya son a ce masa ya isa haka.

Ni na fi son hanyar wasan World of Warcraft na 2004, wato ladan hutu. Ka ajiye jaruminka a masauki na cikin wasan ka tafi neman abinci, in ka dawo makin kashe dodanni ya ninka na ɗan lokaci. Mai kwana bai rasa komai ba, mai aiki kuma ya rage tazara. Sai dai ladan ba ya taruwa ya wuce mataki ɗaya da rabi, ko da wata guda ka yi ba ka leƙa ba.