Gargaɗi ga masu manyan babura: a yi hattara da mai tallar "kayan tafiya mai nisa"

Assalamu alaikum 'yan uwa mahaya manyan babura na Kano da Kaduna da Abuja da Jos, har da na Maraɗi da Damagaram. Akwai wani mutum, ko kuma gungun mutane ne, da ke yawo a Facebook da Instagram da zaurukan WhatsApp yana tallar abin da ya kira cikakken saitin mayar da babur na tsere ya koma na doguwar tafiya. Kama sunansa ba zai amfane ku ba, don yau shafin na ɗauke da sunan shago a Legas, gobe ya koma "kai tsaye daga Dubai", lambar wayar ma haka. Salon cinikinsa ne kaɗai ba ya canzawa.

Mutumin ya san inda yake mana ciwo. Babur irin Honda CBR600RR ko Yamaha R6 ko Suzuki GSX-R750 don filin tsere aka ƙera shi. Hannun tuƙi a ƙasa yake, ɗaure a jikin shokozobar gaba, matakin ƙafa ya yi sama ya koma baya, siti kuma siriri ne mai tauri. A cikin gari abin sha'awa ne. Amma ka ɗauki hanyar Kano zuwa Kaduna, kusan kilomita 230, kafin ka wuce Zariya wuyan hannu ya yi tsami, ƙugu ya riƙe, iska kuma tana ta dukan ƙirji. Duk wanda ya yi irin wannan tafiya zai dawo yana neman abu huɗu: ƙarfen ɗaga hannu, siti mai laushi, dogon gilashin gaba, da akwatin baya. Kamfanonin da ke yin waɗannan kaya na gaskiya sanannu ne. HeliBars a Amurka na yin hannu, Corbin da Sargent na yin siti, Puig na Sifen da MRA na Jamus na yin gilashi, Givi na Italiya da SW-Motech na Jamus na yin akwati da ƙarfen ɗora shi. Da dala ko yuro ake sayensu, ga kuɗin jirgi, ga na fito, shi ya sa farashinsu ke tsorata mutum. Ɗan damfarar sai ya kwaso hotunan waɗannan kamfanoni, ya haɗa su wuri ɗaya, ya sa kuɗin da bai kai na siti ɗaya na orijina ba.

Da ka yi masa magana zai tarbe ka da ladabi. "Ranka ya daɗe, saiti ɗaya ya rage. Wani Alhaji a Abuja ya ce a ajiye masa, amma har yanzu bai turo ko sisi ba. In ka sa kafin alƙalami yau, naka ne." Ka ce ya kira ka ta bidiyo ka ga kayan, sai ya ce yaron shago ya tafi da makullin sito, ko sabis ba kyau. Zai turo maka bidiyon da aka riga aka ɗauka, wanda ba fuskarsa ba muryarsa. Asusun da zai ba ka na mutum ne, ba na shago ba, kuma sunan bai yi kama da wanda ya gaya maka ba. In ka tambaya ya ce na ƙanensa ne, nasa ya cika.

Bayan rabin kuɗi ya shiga sai a fara tatsa. Za ka ga hoton kwali a tashar mota da sunanka rubuce da maka a jiki. Washegari wani ya kira, wai shi direba ne, 'yan kwastan sun tare su a hanya, sai an biya kaza. Ku tsaya ku yi tunani a nan: kayan da aka ce suna cikin shago a Legas, me ya haɗa su da fito kuma? Kuɗin fito na hukuma ta banki ake biyansa, da takardar ƙiyasi da rasit, ba a asusun wani direba ba. Wanda ya biya wannan za a zo masa da na inshora, daga nan na sauke kaya. Ranar da ya ce ya gaji, ranar za a toshe lambarsa.

Wannan shi ne mai sauƙin. Wanda kuɗinsa ya tafi ya yi Allah ya isa, ya ci gaba da hawa babur ɗinsa lafiya. Wanda nake jin tsoro a kansa shi ne wanda kayan suka iso masa, domin mutumin nan yakan aika wa wasu kaya don ya sami masu yi masa shaida a ƙarƙashin tallarsa.

Na ga irin saitin da idona a garejin da nake kai babur ɗina, wani matashi mai R6 ya kawo a ɗaura masa. Kwalin ya yi kyau, har da tambarin kamfani. Bakaniken, dattijo ne da ya daɗe a harkar, ya ɗauki ƙarfen ɗaga hannun ya juya shi, ya kankare baƙin fentin da bakin sukundireba. A ƙarƙashi sai ga ƙananan ramuka irin na tukunyar dalma da ake zubawa a Panteka. Na orijina daga dunƙulen alminiyam ake sassaƙo shi da inji, za ka ga sawun wuƙar injin a jiki, sumul. Ya duba kan kusoshin, babu lamba ko ɗaya. Kusa mai ƙarfi tana ɗauke da 8.8 ko 10.9 ko 12.9 a kanta. Ya gwada ɗaure ɗaya, tun bai gama matsewa ba zaren ya ci. Sai ya ajiye ya ce, "Yaro, ni ba zan sa maka wannan ba. In ka taka birki da ƙarfi, duk nauyinka a kan wannan ƙarfen yake sauka. Ka kai wa wani in kana so, amma ba da hannuna ba." Yaron ya ɓata rai, yana ganin an raina masa kaya. Ni kuwa a ganina dattijon ya yi masa abin da uba ke yi wa ɗa.

Ko da ƙarfen na kirki ne, ɗaga hannu ba a yinsa da ka. Tiyon birkin gaba da wayar kuloci da wayar totur duk an auna tsawonsu daidai da hannun da babur ya zo da shi. Ka ɗaga hannu ka bar su yadda suke, sai ka karya kai zuwa ƙarshe tiyo ya miƙe ƙam, ko ka ji inji ya ƙara wuta da kansa saboda wayar totur ta ja. Wani lokaci hannun ya daki tanki ko murfin gaba ya matse maka yatsa. Shi ya sa kamfanin gaskiya ke yin kowane hannu don samfuri ɗaya da shekarunsa, ya kuma faɗa maka in sai ka canza tiyo.

A nan ne za ku kama shi cikin sauƙi. Mai kayan gaskiya tambayarsa ta farko ita ce, wane babur ne, na wace shekara? CBR600RR na 2003 da na 2007 sunansu ɗaya ne, amma gilashin wannan ba ya hawa wancan, siti ma haka. Kaurin shokozobar gaba ya bambanta daga babur zuwa babur, wata milimita 41, wata 50. Wannan mutumin kuwa ba ya tambaya. Ku gwada shi: ku ce Hayabusa ce, zai ce yana shiga. Wani ya kira ya ce Ninja 300 ce, zai ce yana shiga. Amsarsa kullum, "Yallaɓai, na kowane babur ne." Da kun ji haka ku kashe waya.

Akwatin baya ma akwai magana. Givi da kansa ya iyakance nauyin da ake zubawa: kilo 10 a samfurin akwatinsa da ake kira Monokey, kilo 3 a wanda ake kira Monolock. Wutsiyar babur na tsere kuma ba don kaya aka yi ta ba. Ƙarfen da ya zo cikin saitin nan aikin mai walda ne aka fesa masa fenti, ramukansa ba su dace da komai ba, sai an huda wutsiyar kafin ya zauna. Ka loda masa kaya ka shiga ramukan hanyar Bauchi, ba sai na faɗa ba.

Kwanan nan ya ƙara da tayoyi, yana cewa Michelin Road 5 ne ko Pirelli Angel GT sababbi dal. Kada ku yarda da sheƙin taya, mai ake shafa mata. Ku nemi rubutun DOT a gefe, lambobi huɗu na ƙarshe su ne mako da shekarar da aka yi ta: 2319 na nufin mako na 23 a 2019. In an goge wurin, ko kun ga ƙananan tsage a cikin zanen, ku bar masa abinsa. Taya biyu kacal gare ku.

Har babur sukutum yana tallatawa, wai ɗan Beljiyam da aka riga aka gyara don tafiya. Yawancin hotunan daga shafukan gwanjon Amurka ne irin su Copart, inda ake sayar da waɗanda suka yi hatsari. Ku sa hoton a Google Lens, manhajar binciken hoto, sau da yawa zai nuna muku asalinsa. Ku nemi lambar shasi da ke buge a wuyan babur. Haruffa da lambobi 17 ne, babu I ko O ko Q a ciki. Na Japan da J suke farawa: JH2 Honda, JYA Yamaha, JKA Kawasaki, JS1 Suzuki. Dole ta yi daidai da ta jikin takardun kwastan. Wanda ya ƙi nuna lambar shasi, cinikin biri a sama yake so ku yi.

Bari in ɗan kauce. Wanda bai sayi babur ba tukuna kuma ya san tafiya ce a ransa, ya huta da duk wannan ya nemi wanda aka ƙera don haka, kamar Honda VFR800 ko Kawasaki Ninja 1000 ko Yamaha Tracer 900. Wanda kuma ya riga ya mallaki na tsere, mai ɗinkin kushin na gari zai buɗe sitinsa ya ƙara soso mai kyau a gabansa, yana tsaye yana kallo. Jakar da ake ɗorawa a kan tanki da ta siti suna ɗaukar kayan kwana biyu ba tare da an huda komai ba. Sauran kayan a saya ɗaya bayan ɗaya, a wurin wanda ke da shagon da za a iya aika ɗan uwa ya shiga, a biya bayan an riƙe a hannu, bakanike na kusa.

Wanda ya riga ya tura kuɗi, kada kunya ta sa ya yi shiru. Ya garzaya bankinsa a ranar ya shigar da ƙorafi a rubuce, don in kuɗin bai fita daga wancan asusun ba akan iya riƙe shi. Ya ɗauki hoton hirarsu da rasit da lambar asusun tun kafin a goge shafin. Ya kai wa 'yan sanda, ya kuma rubuta wa EFCC, suna da ofis a Kano da Kaduna da Sakkwato da Gombe da Maiduguri da Abuja. Dokar damfara ta 2006 ta tanadi ɗaurin shekara 7 zuwa 20 a kan irin wannan laifi. Bayan haka wani zai iya kiransa ya ce shi jami'i ne, an kama mutumin, ya turo kuɗin buɗe fayil a dawo masa da nasa. Su ɗin ne dai suka sake shiri, kada ya ba su ko kwabo.

Wanda kuma kayan suka iso masa har ya ɗaura, don Allah kada ya sake hawa babur ɗin sai bakanike ya kwance hannun ya duba kusoshi da tiyon birki. Ku tura wannan saƙo zaurukan mahaya da kuke ciki, musamman ga sababbin shiga, su ya fi nema.