Kafin ka haɗa kwamfutar gem da editin a Zariya, ga yadda nake zaɓen kaya

Ƙanina ya dame ni wai in zaɓa masa kayan haɗa kwamfuta, yana so ya riƙa buga EA FC da Warzone da dare, da rana kuma ya yi editin bidiyon biki da yake ɗauka a Sabon Gari da Samaru. Na ce to bari in rubuta a nan kowa ya amfana. Farashi kam ba zan faɗa ba don yana bin dala ne, na yau daban na gobe daban.

Girafik kad, wato kad ɗin da ke sarrafa hoton da kake gani a allo, shi ne zai cinye kusan rabin kuɗinka, kuma nan mutane suka fi ruɗewa. Biyun da aka fi tambayata su ne RTX 3060 mai memori 12GB da RTX 4060 mai 8GB, duk na kamfanin Nvidia. A gem 4060 ta ɗan fi sauri, kuma wat 115 kawai take sha, ita 3060 kuwa 170, wanda ke kan inbata ko ƙaramin janareta ya san wannan bambancin ba wasa ba ne. Amma in editin ne abincinka, musamman da manhajar editin ta DaVinci Resolve kuma kana taɓa 4K, wannan 12GB ɗin zai maka rana, don da zarar ka jibga kala da ifet a kan bidiyo memorin kad ɗin ne yake fara cika. Ni 3060 na zaɓa wa ƙanina. Akwai RX 6600 ta AMD, mai sauƙin kuɗi kuma tana buga gem a 1080p lafiya lau, in gem zalla ne ɗauke ta ba ruwanka, sai dai wajen fitar da bidiyo NVENC, sashen da ke wannan aikin a cikin kad ɗin Nvidia, ya fi kwantar min da hankali kuma manhajar editin ta Premiere ta fi shiri da shi.

Ƴan hannu fa a yi hattara. Tun da aka daina haƙar kuɗin kirifto na Ethereum da girafik kad a 2022 kad ɗin da suka yi shekaru suna aiki dare da rana suka cika kasuwa, an goge su tas kamar sabbi. Ban ce kar ka saya ba, ni ma na hannu nake amfani da shi, amma ka ce a saka maka shi a gabanka, a kunna gem ko manhajar gwaji ta FurMark na minti ashirin ka ga zafinsa, ka saurari fankokin ko akwai mai kuka. Mai kaya ya ce ai ba wuta, ko kai dai tafi da shi in da matsala ka dawo, to ka ce Alhaji na gode sai wani jiƙon.

Furosesa ba sai ka wahalar da kanka ba. Ryzen 5 5600 ta AMD da Core i5-12400 ta Intel duk kwa shida ne, wato sassan aiki shida ke cikin kowacce, duk sun isa. 5600 tana hawa madabod, wato babban allon da ake ɗora dukkan kayan a kai, mai mazaunin furosesa na AM4 kamar B550 da ram DDR4 masu araha, sai dai AM4 tun 2016 yake, ya kusa ƙure hanya. Mai ɗan ƙarfi ya je Ryzen 5 7600 a AM5, amma ya sani dole sai DDR5, kuɗi ya ƙaru ke nan. A ɓangaren Intel ga wani abu da masu shago ba sa faɗa: wadda take da F a ƙarshe, 12400F, ba ta da girafik na ciki, wato ba Quick Sync, sashen sarrafa bidiyo na Intel, shi kuwa yana taimakawa sosai wajen buɗe bidiyon H.265 da kyamarori da wayoyin yanzu ke ɗauka. Mai editin ya ƙara ɗan kuɗin ya ɗauki marar F. Kuma in madabod B450 ka samu da araha ka tabbata an sabunta BIOS ɗinsa, wato manhajar da ke cikin madabod ɗin, in ba haka ba 5600 ba za ta tashi ba.

Ram 16GB ya isa gem, editin kuwa 32GB, kuma ka sayi guda biyu 16 da 16, kar ka ɗauki ɗaya babba. SSD na NVMe 1TB don Windows da aikin da ke hannunka, tsohon had dis kuma ya zama rumbun bidiyon da aka gama.

Yanzu ga inda zuciyata take, fawa saflai, wato akwatin da ke raba wa kayan kwamfutar wuta. Na taɓa yin gangancin nan, kuɗi ya ƙare min na ɗauki wani marar suna an rubuta 700W a jikinsa amma a hannu ba nauyi kamar gwangwanin madara. Wata huɗu, ranar nan aka kawo wuta da ƙarfi bayan la'asar sai na ji tas, ga ƙauri, ya tafi da madabod ɗina kuma aikin bikin mutane yana ciki, sai da na yi sati ina ba uwar amarya haƙuri. Wallahi har yau in na tuna raina ɓaci yake. Ka nemi 550W zuwa 650W mai shaidar tattalin wuta ta 80 Plus Bronze daga irin su Corsair, Seasonic ko Cooler Master, ka haɗa da UPS mai daidaita wuta, ko na minti biyar ne ya ishe ka ka ajiye aiki ka kashe. In a inbata za ka ɗora ka tabbata mai fiyo sain wef ce, wato mai ba da wuta sumul irin ta gida.

Sai kes. Na san masu gilashi da fitilu kala-kala suna ɗaukar ido, amma ka tuna zafin Maris da Afrilu a garin nan da ƙurar hunturu. Ɗauki mai raga a gaba da fanka biyu masu jawo iska, ɗaya a baya mai fitarwa, da matatar ƙura da za ka iya zarewa ka wanke. Kar ka ajiye shi a ƙasa kan kafet. Nawa kan tebur yake amma duk da haka in Disamba ta shigo duk sati biyu sai na buɗe na hure shi da bulowa.

Wajen saye, ƙananan kaya irin su ram da SSD za ka iya samu a nan wajen PZ, amma girafik kad da madabod yawanci sai Kano, Abuja ko Computer Village a Ikeja. In aike za a yi maka a mota ka ce a ɗauki bidiyon kad ɗin yana aiki da lambar jikinsa a fili kafin ka tura ko sisi.