Wil silinda ko oyil sil: wanne ne ya jiƙa birkin bayan Hilux ɗinka?

Malam, ka ce Hilux Vigo ɗinka mai fo-wil ta fara jan gefe idan ka taka birki, birkin hannu ba ya riƙe ta a gangare, kuma cikin tayar baya ta hagu ya jiƙe sharkaf. Bakanike ɗaya ya ce maka wil silinda, wato 'yar silindar da man birki ke turawa ta buɗe takalman birki, ita ce ta fara yoyo, wani ya ce oyil sil ɗin aksil, wato robar da ke hana man giyan aksil ɗin baya fita, shi ne ya mutu. Duka biyun suna jiƙa takalmin birki, shi ya sa ake rikita su. Amma man da ya zuba shi zai raba gardamar, kuma za ka iya dubawa da kanka kafin ka je kasuwar Ƙofar Ruwa ko Panteka sayen kayan gyara.

Fara da buɗe bonet ka kalli robar man birki. Idan wil silinda ce, man zai sauka ƙasa da layi, ka ƙara yau bayan kwana kaɗan ya sake sauka, fedal kuma ya yi laushi, yana nitsewa sai ka yi famfo. Idan oyil sil ne, robar tana nan yadda ka bar ta, fedal na nan da taurinsa, motar ce kawai ba ta tsayawa yadda ta saba. Ba ka ambaci laushin fedal ba, don haka zuciyata ta fi karkata ga bakanike na biyu. Sai dai kada ka tsaya a kan hasashena.

Taɓa abin da ya zubo da yatsa. Man birki, DOT 3 ko DOT 4, tsararo ne, ba shi da wari mai ƙarfi, yana narkewa a ruwa, kuma yana cin fenti: za ka ga fentin farantin bayan dirom (kwanon ƙarfen da takalman birki ke gogawa a cikinsa) ya tattare ko ya ɓare. Man giya, wanda oyil sil ke zubarwa, mai kauri ne, yana danƙo, ruwa ba ya wanke shi, ga warin ƙibiritu kamar na ruɓaɓɓen ƙwai. Wanda ya taɓa shinshina shi ba ya mantawa.

Sannan a cire dirom. A tare tayoyin gaba, a ɗora motar a kan sitan, kada a bar ta a kan jak kaɗai, a saki birkin hannu. Idan dirom ya ƙi fita, akwai ramuka biyu masu zare a fuskarsa, a ɗaura kusoshi a ciki a riƙa juya su bi da bi, zai taso ba tare da an yi ta dukansa da guduma ba. Wil silinda tana sama, tsakanin kawunan takalma biyu. A ɗaga robar da ta rufe bakinta: idan mai ya taru a ciki, ita ce. Yoyon oyil sil daga tsakiya yake fitowa, ta gindin shaf, wato sandar ƙarfen da ke juya taya, juyawar taya ta watsa shi ko'ina cikin dirom ya haɗu da ƙura ya zama baƙin kwaɓi. Kada a hure ƙurar nan da iskar kwamfiresa, wasu layinin, wato shafin da ke jikin takalmin birki, suna da asbestos mai cutar da huhu, kuma huhun yaran gareji yake shiga.

Wajen haɗari, wil silinda ce gaba. Yoyonta yana rage matsin mai a layin birki, ranar da robar ciki ta ƙarasa yagewa sai fedal ya tafi ƙasa, a bar ka da rabin birki. Mota mai wannan matsala ba ta hawa titi, ko kasuwa ce a bayan gida. Amma gyaranta ne mai sauƙi: kusoshi biyu da bututu ɗaya, sai fitar da iska. Ni na fi son a sa sabuwa gaba ɗaya a kan a sauya robobin ciki, domin man birki yana shan danshi, danshin ya haƙa ƙananan ramukan tsatsa a cikin silindar, sabuwar roba kuma ba ta daɗewa a kansu. A sauya hagu da dama tare, tunda shekarunsu ɗaya. Idan motarka ba mai ABS ba ce, wato na'urar da ke hana taya kamewa idan an taka birki, akwai bawul ɗin da ke daidaita birki da nauyin kaya a saman aksil ɗin baya, shi ma yana da nasa wurin fitar da iska, kuma ana yawan mantawa da shi.

Oyil sil ya fi ba da lokaci, amma aikinsa ya fi nauyi, kuma a nan ne aka fi yin gyara sau biyu. Sil ɗin kansa ba tsada. Sai dai a Hilux dole a zaro shaf gaba ɗaya da farantin birkin, wato a kwance bututun birki da wayar birkin hannu, a ƙarshe ma sai an fitar da iska. Kuma sau da yawa sil ba ya mutuwa haka kawai. Ko dai boris ɗin da shaf ke juyawa a kansa ya yi wasa, shaf yana kaɗawa yana cin leɓen sil, ko kuma ɗan bututun shaƙar iska da ke saman aksil ya toshe da taɓo. Idan man giya ya yi zafi iska ta rasa mafita, sai ta tura man ta wurin da ya fi rauni. Motar da ke ratsa rafi da laka da damina ta fi kowa fama da wannan: aksil mai zafi ya faɗa ruwan sanyi, sai ya zuƙo ruwa ciki. A kwance kusar dif, wato tukunyar giya da ke tsakiyar aksil, a duba, idan man ya yi fari-fari, ruwa ya shiga, a zubar a sa sabon man giya nau'in GL-5. Boris ɗin da injin matsi ake cire shi a mayar, garejin da zai yi maka shi da guduma da kurfi ka ɗauke motarka ka yi gaba.

Abin da ya haɗa su shi ne takalmin. Za a ce maka a wanke shi da fetur, ko a babbaka shi a wuta. Kada ka yarda, don Allah. Layinin yana tsotse mai har ciki, da ya ɗauki zafi man ya sake tsatsowa, wani lokaci tayar ta kame, wani lokaci ta zame. A sa sababbi a tayoyin biyu. Dirom shi ana wanke shi, amma a auna cikinsa da lambar iyaka da aka rubuta a jikinsa, idan ya wuce a sauya. Fetur da man inji kada su kusanci robobin birki, kumbura su suke yi.

Bayan an haɗa, a daidaita ajasta, wato abin da ke saita tazarar takalman, don ya matso da su kusa da dirom. Ka gwada ta a fili a hankali kafin ka ɗora mata kaya, bayan mako guda kuma ka sake leƙa cikin tayar da robar man birki.