Rigar shok ɗin babur ɗin ƙanƙara

Yaya barka da war haka, ya Kano ya zafi? Mu nan Winnipeg ta ƙasar Kanada sanyi ya kai digiri 30 ƙasa da sifili makon jiya.

Ka tambaye ni babur ɗin nan da ka gani a hoto, wanda ba shi da taya. Sunansa snowmobile, nawa Ski-Doo ne na hannu, a Valcourt ta jihar Kebek ake ƙera shi, tun 1959 suka fara fitar da shi. Gaba sikii biyu ne, wasu dogayen faranti masu sulɓi a kan ƙanƙara, baya kuma bel mai haƙora, amma shok ɗinsa da ka gani za ka gane, mai ne a ciki da iskar naitirojin da sil da sifirin.

To ba ƙanƙara ce ke kashe shok ɗin ba, titi ne. Nan gishiri da yashi suke watsawa a hanya saboda santsi, in ka ɗora babur a buɗaɗɗiyar tirela duk wannan caɓalin a kansa yake sauka, sandar shok ta yi tsatsa ta yi ƙuraje, ta yage sil, mai ya tsiyaye. Haka nawa na dama ya yi. Kuma wallahi nan ba kamar Ƙofar Ruwa ba ne da za ka shiga da safe ka fito da kaya kafin azahar, bakanike ya ɗaura maka kuna hira. Sai ka buga waya an ba ka rana, na jira kwana 12, kuɗin aiki kuma da awa suke lissafawa, awa ɗaya ta haura dala 100 ban da kaya. Aikin dai sun yi shi tsaf, sun ba ni rasit da garanti, wannan kam sun fi mu.

Shi ne na sayi riga ta shok, wani yadi mai kauri da ake naɗawa a manne kamar takalmin yara, biyun ba su kai dala 50 ba. Ina gani na tuna tsohon tib da kake yankawa ka ɗaure wa 'yan acaɓa a shok saboda ƙurar hunturu, dabarar ɗaya ce.

Sai dai tana riƙe danshi, in ka bar ta a jiƙe gishirin ya kwana a ciki ɓarnar ta fi ta da. Duk dawowa sai na kwance ta, na ɗauraye shok da ruwan ɗumi, na shanya ta kusa da hita.

A gaida Hajiya da yara, ka ce mata yajin da ta aiko ya kusa ƙarewa.